Yadda Ake Gano Dalilin Da Ke Sa Kwamfutar Da Ka Haɗa Da Hannunka Take Mutuwa Tana Tashi

Kwamfutar da mutum ya sayi kayanta ɗaiɗai ya haɗa ba ta da kamfani guda da za a mayar wa idan ta fara rigima. Wanda ya sayar da madabod, wato babban farantin da ake dasa duk kayan a kansa, zai ce laifin RAM ne, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, mai RAM kuma zai ɗora wa akwatin wuta, wato PSU mai raba wa kayan wuta. Dole mai kwamfutar ne zai binciko ɓangaren da ke da laifi. Abin da mutane da yawa ke fara yi shi ne goge komai su sake saka Windows, kuma galibi wahalar banza ce. Idan matsalar daga RAM take ko daga wuta, sabuwar Windows ɗin ma za ta mutu, wani lokaci tun ana cikin saka ta, sannan an goge bayanan da za su nuna inda ciwon yake.

Ka tanadi sukudireba mai kan giciye, da mitar gwada wuta, da filash guda biyu da ba su gaza 8GB ba, da man firosesa, wanda ake shafawa tsakaninta da ƙarfen sanyaya ta, da burushi mai laushi, da tocila, da littafin madabod ɗinka. Za ka kuma buƙaci wata kwamfutar mai lafiya don sauke manhajojin gwaji. Ka ajiye takarda da biro kusa, domin ƙa'idar aikin ita ce canji ɗaya a lokaci guda: ka canza abu, ka gwada, ka rubuta sakamako. Wanda ya sauya RAM da direba (manhajar da ke haɗa Windows da wani kayan ƙarfe) da saitin BIOS (manhajar madabod da ke tashi kafin Windows) a zama ɗaya, ko da kwamfutar ta gyaru, bai san me ya gyara ta ba, kuma ranar da ta koma gidan jiya sai ya fara daga farko.

Duk lokacin da za ka sa hannu a ciki, ka kashe makunnin da ke bayan akwatin wuta, ka zare wayar daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 don sauran wutar ta fita. A lokacin hunturu, da iska take bushe, ka riƙa taɓa ƙarfen kes, wato gidan kwamfutar, kafin ka ɗauki RAM ko firosesa, saboda wutar da jiki ke tarawa tana iya lalata su ba tare da ka ji komai ba.

A wane lokaci take mutuwa?

Amsar wannan tambaya ita ce rabin aikin. Ka kunna ta sau da yawa kana kallo. Idan fankoki sun juya na daƙiƙa kaɗan, suka tsaya, suka sake juyawa, kuma ba ka taɓa ganin tambarin madabod a allo ba, to Windows ba ta da hannu a ciki, tunda ba a ma kai gare ta ba. Laifin yana cikin kayan ƙarfe ko saitin BIOS. Idan tambarin yana fitowa, ɗigon Windows ya fara zagayawa sannan ta sake tashi, ana zargin direba, ko faifan ajiya, ko wani saiti da ya canza. Idan kuwa tana shiga Windows lafiya sai ana cikin aiki ta mutu, ka lura da yadda take mutuwar. Wadda ke nuna shuɗin allo mai rubutu, ko baƙi a sababbin Windows 11, ta samu damar faɗin abin da ke damunta. Wadda ke ɗaukewa ɗif kamar an zare waya, musamman ana tsakiyar gem ko haɗa bidiyo, wuta ko zafi ake fara tuhuma.

Fara daga bango

A Najeriya da Nijar wannan mataki ba na tsallakewa ba ne. Wutar da ya kamata ta zo tsakanin 220 zuwa 230V takan faɗi ƙasa sosai da yamma a unguwanni masu cunkoso, kuma akwatin wuta na kwamfuta ba ya iya riƙe kansa fiye da wajen milisakan 16 idan wuta ta ƙifta. Ƙiftawar da idonka da ƙyar zai gani a ƙwan fitila ta isa ta sa kwamfuta ta sake tashi. Ka lura ko mutuwar tana zuwa daidai lokacin da firiji ko injin jan ruwa ya tashi, ko lokacin da aka juya daga wutar gari zuwa janareta.

Cire kwamfutar daga ekstenshin ka sa ta kai tsaye a soket mai ƙarfi. Ekstenshin mai araha, wanda bakinsa ya saki ko ya yi baƙi, yana haddasa irin wannan matsala ƙwarai. Ka sa mita a kan AC ka gwada wutar soket ɗin da safe da kuma dare.

UPS ma yakan zama shi ne mai laifin. Lambar da ke jikinsa VA ce, ba wat ba: mai 650VA abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, alhali kwamfuta mai katin hoto babba tana haura haka idan ta ɗauki nauyi. Batirinsa na 12V 7Ah yana gajiya cikin shekara biyu zuwa uku, a wuri mai zafi ma kafin haka. Sannan akwatunan wuta na zamani masu Active PFC wasunsu ba sa jituwa da UPS ko inbata mai fitar da wutar da ba tsantsar sine ba, sai su kashe kansu daidai lokacin da aka koma kan batir. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka kai kwamfutar wani wuri mai wuta tsayayya ka yi mata aikin da ke kashe ta. Idan ba ta mutu a can ba, kada ka kwance ko noti ɗaya.

Wani gargaɗi ga masu sayen kayan hannu da aka shigo da su daga Amurka: tsofaffin akwatunan wuta suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Idan yana kan 115 ka sa shi a wutarmu, ƙonewa zai yi nan take.

Idan ba ta kai ga nuna tambari

Kafin komai, ka ba ta lokaci idan RAM ɗinka DDR5 ce. A kunnawar farko, ko bayan an canza saiti, madabod tana gwada RAM ɗin don ta daidaita da ita, musamman a kan soket AM5 na AMD. Allo yakan zauna baƙi na mintuna, kuma tana iya kashe kanta ta tashi sau biyu ko uku. Ka bar ta minti biyar zuwa goma kafin ka yanke hukunci.

In ba ta tashi ba, ka mayar da BIOS yadda ta fito daga masana'anta. Akwai ƙusoshi biyu a kan madabod da aka rubuta wa CLR_CMOS, ko CLRTC, ko JBAT1, gwargwadon kamfani. Da wuta a cire, ka haɗa su da bakin sukudireba na daƙiƙa goma. Ko kuma ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na minti biyar. Tunda ya fito, ka gwada shi da mita: sabo yana ba da 3V ko ɗan sama, wanda ya yi ƙasa sosai kuma a canza shi. Idan faifanka yana kulle da BitLocker, wato makullin faifai na Windows, ka tabbata kana da lambar buɗewa mai lambobi 48 kafin ka taɓa BIOS, domin Windows tana iya neman ta bayan haka. Yawanci tana ajiye a asusunka na Microsoft.

Sai wayoyin wuta. Babbar mai baki 24 tana da tauri, kuma sau da yawa gefe ɗaya ne ke shiga, ɗaya ya rage a sama. Ka danna ta har maƙallin ya kama. Sannan wayar firosesa mai baki 8 da ke saman madabod ta hagu, wadda sababbin masu haɗi ke yawan mantawa. Ta firosesa tana rabuwa 4 da 4, ta katin hoto kuma 6 da 2. Sun yi kama amma tsarin wutarsu daban ne, kada a tilasta ɗaya a gurbin ɗaya. Idan akwatin wutarka irin wanda ake cire wayoyinsa ne, ka duba can ɓangaren ma, kuma kada ka kuskura ka yi amfani da wayar wani akwatin ko da bakin ya shiga daidai. Babu tsari ɗaya da kamfanoni suka yarda da shi a wannan gefen, kuma waya ɗaya baƙuwa tana iya ƙone faifai ko madabod.

Yawancin madabod na yanzu suna da ƙananan fitilu huɗu a gefen dama: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Suna kamawa bi da bi yayin tashi, kuma wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale. Sai dai a karanta su da hankali. Fitilar DRAM tana iya kamawa alhali RAM lafiyarta lau, domin abin da ke sarrafa RAM yana cikin firosesa ne, kuma ƙusa ɗaya da ta lanƙwashe a soket ta isa ta kashe layin RAM guda.

Daga nan ka rage kaya. Cire duk faifai, da duk abin da ke jikin USB, da wayoyin USB da na sauti na gaban kes, da fitilun ado. Bar RAM ɗaya tak a gurbin A2, wato na biyu daga firosesa. Idan firosesarka tana da nata sashen hoto, cire katin hoto ka sa wayar allo a madabod. Firosesar Intel mai harafin F a ƙarshe ba ta da shi, haka ma yawancin Ryzen 5000 da na baya waɗanda ba su da harafin G. Ka kuma zare wayoyin PWR_SW da RESET_SW, wato na maɓallin kunnawa da na ristat, ka kunna ta hanyar taɓa ƙusoshin PWR_SW biyu da sukudireba. Maɓallin ristat da ya maƙale a kes mai araha yana sa kwamfuta ta yi ta zagaye har abada, kuma mutane kan canza kaya masu tsada kafin su gano shi.

Idan har yanzu shiru, fito da madabod daga kes gaba ɗaya ka ɗora ta a kan kwalinta, ka haɗa mata wuta a waje. Idan ta tashi a kan kwali, to wani ƙarfe ne ke taɓa bayanta a cikin kes. Ka ƙirga ƙafafun tagullar da take zama a kansu: kowace ƙafa dole ta dace da ramin noti. Ƙafa ɗaya da ta rage a inda babu rami, ko noti da ya faɗa baya, shi ke nan. Ka duba kuma ko wani harshen farantin baya ya shige cikin ramin USB ko HDMI.

Mataki na gaba shi ne cire kula, wato ƙarfen sanyaya firosesa, da ita kanta firosesar. A AM4 ƙusoshin suna jikin firosesa, a AM5 da LGA1700 kuma suna cikin soket. Ka haska da tocila ta gefe, domin ƙusar da ta kauce takan yi ƙyalli daban da 'yan uwanta. Wajen mayar da kula, ka ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan, kada ka gama ɗaya kafin ka fara ɗaya. Matsewa fiye da kima tana lanƙwasa madabod har RAM ta daina aiki.

Akwai kuma batun BIOS da ta girmi firosesa. Madabod B450 ba ta san Ryzen 5000 ba sai an sabunta ta, haka B660 da Z690 da Intel ƙarni na 13 da 14. Idan akwai maɓallin BIOS Flashback a baya, ana iya sabuntawa da filash ko babu firosesa: a tsara filash ɗin a FAT32, a sa wa fayil ɗin sunan da littafin ya ce, a sa shi a ramin USB da aka keɓe.

Idan a bakin Windows take komawa

Idan wannan ya fara ne bayan ka mayar da BIOS yadda ta fito daga masana'anta ko ka sabunta ta, kuma kana ganin INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, kusan koyaushe saitin faifai ne ya canza. Ka shiga BIOS ka duba ko yanayin SATA ya tashi daga AHCI zuwa RAID, ko VMD na Intel ya kunnu ko ya kashe, ko CSM ya sauya. Mayar da shi yadda yake ranar da aka saka Windows. Haka nan Windows da aka ɗauko da faifanta daga tsohuwar kwamfuta tana ɗauke da direbobin wata madabod. Wannan na cikin 'yan lokutan da sabon sakawa yake da ma'ana.

In ba haka ba ne, Windows da kanta tana buɗe shafin gyara idan ta kasa tashi sau biyu a jere. Daga can ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, ka danna 4 don shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da direbobin dole kawai. Idan a Safe Mode ta zauna daram, direba ne ko wata manhaja mai tashi tare da Windows. Wanda aka fi kamawa shi ne direban katin hoto: ka goge shi da DDU, manhajar goge direban hoto, a cikin Safe Mode, ka cire intanet don kada Windows ta riga ka saka nata, sannan ka saka sabo daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel. Bayansa sai manhajojin fitilun ado da na sarrafa fanka, da riga-kafin bairos na wani kamfani, da manhajojin hana maguɗi na wasu gem. Idan matsalar ta biyo bayan sabuntawar Windows ne, akwai Uninstall Updates a shafin gyaran.

Don gyara fayilolin da mutuwar bazata ta lalata, ka buɗe Command Prompt da ikon admin ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, idan ya gama ka bi shi da sfc /scannow. Amma fayil da ya lalace sau da yawa sakamako ne, ba sanadi ba. Idan ka gyara yau gobe ya sake lalacewa, RAM ko faifai ke ɓata shi.

Hanya mai kyau ta raba gardama ita ce ka saka Linux, kamar Ubuntu, a filash, ka tashi kwamfutar daga gare shi ba tare da ka saka shi a faifai ba. Idan a can ma tana mutuwa, ka wanke Windows daga zargi.

Karanta abin da ta bari

Ka hana ta gudu da shaida. Danna maɓallin Windows da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, sannan Settings na Startup and Recovery, ka cire alamar Automatically restart, ka zaɓi Small memory dump. Daga yanzu shuɗin allon zai tsaya har ka ɗauki hotonsa, kuma za a riƙa ajiye fayil a C:\Windows\Minidump. Ana buɗe fayil ɗin da WinDbg, a ba shi umarnin !analyze -v. Idan fayiloli uku ko huɗu duk sun ambaci direba ɗaya, misali nvlddmkm.sys na Nvidia, ka sami bakin zare. Idan kowanne sunan da yake kira daban, yau MEMORY_MANAGEMENT, gobe IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, jibi PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, wannan halin RAM ne mara lafiya. Sunan ntoskrnl.exe kuwa ba ya nuna komai, zuciyar Windows ce kawai da abin ya faɗo a kanta.

A cikin Event Viewer, ƙarƙashin System, za ka ga Kernel-Power mai lamba 41. Mutane da yawa suna ganin kalmar sai su ruga sayen akwatin wuta. Abin da take nufi kawai shi ne kwamfutar ba ta mutu ta hanyar da ta dace ba. Amfaninta yana cikin BugcheckCode da ke ciki. Idan sifili ne, Windows ba ta samu damar rubuta komai ba, wato wuta ce ta yanke ko kwamfutar ta sandare. Idan akwai lamba, ka juya ta zuwa heks, wato salon lamba mai farawa da 0x: 26 ita ce 0x1A ta RAM, 278 ita ce 0x116 ta katin hoto, 292 kuma 0x124, wato WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR, firosesa ce da kanta ta ba da rahoton kuskure a kayan ƙarfe. Ka nemi WHEA-Logger mai lamba 18 ko 19 a kusa da lokacin.

RAM

A sabuwar kwamfutar haɗi, nan ne aka fi samun matsala. Gudun da aka rubuta a kwalin RAM, kamar 3600 a DDR4 ko 6000 a DDR5, ba ya samuwa sai an kunna XMP ko EXPO ko DOCP a BIOS, kuma wannan tura kaya ne sama da ma'aunin asali. RAM ɗin tana iya jurewa amma firosesar ta kasa. Ka kashe shi, RAM ta koma gudunta na asali, kamar 2133 ko 2400 a DDR4, 4800 a yawancin DDR5, ka yi aiki kwana biyu. Idan mutuwar ta tsaya, ka sake kunna shi amma ka rage gudun da hannu, daga 3600 zuwa 3200, ko daga 6000 zuwa 5600. Bambancin da za ka ji wajen aiki kaɗan ne.

Sandunan RAM biyu gurbinsu A2 da B2 ne a yawancin madabod mai gurbi huɗu. Cika gurbi huɗu da DDR5 yana da wahala: a Ryzen 7000 gudun da AMD ta lamunta shi ne 5200 da sanda biyu, amma 3600 kacal da huɗu. Haɗa sanduna da aka saya a lokuta daban, ko da sunansu da lambarsu ɗaya, ba shi da tabbas, domin ƙwayoyin da ke ciki suna iya bambanta.

Gwajin gaskiya shi ne MemTest86, manhajar gwada RAM da ake tashin kwamfuta da ita daga filash. Ka bar shi ya kammala zagaye huɗu, abin da kan ci sa'o'i, don haka ka zaɓi lokacin da wuta za ta zauna. Kuskure ɗaya ma faɗuwa ce. Idan ya fito, ka gwada kowace sanda ita kaɗai a A2. Wadda ta faɗi ita kaɗai a gudun asali ta lalace. Idan kowacce ta wuce ita kaɗai amma tare suka faɗi, ka koma kan gudu, ko gurbin B2, ko ƙusoshin soket. RAM ta hannu da bakinta ya dushe ana goge zinaren da robar goge fensir, a kakkaɓe, a mayar har a ji ƙarar maƙalli.

Zafi

Ka shiga BIOS ka zuba wa ma'aunin zafin firosesa ido. Idan yana hawa ba tsayawa har ya kai digiri 80 ko 90 cikin minti ɗaya ko biyu alhali ba aikin komai, kula ba ta zauna ba, ko an manta ledar da ke manne a ƙasanta, ko famfon mai sanyaya da ruwa ba ya juyawa. A cikin Windows, HWiNFO64 yana nuna zafi mafi girma da aka kai. Yawancin firosesar Intel iyakarsu 100 ne, Ryzen 7000 kuma an yi su su kai 95 a aiki mai nauyi, don haka ganin 95 a kansu ba ciwo ba ne. Firosesa tana rage gudu kafin ta kai ga kashe kanta, shi ya sa zafi ba ya yawan zama sanadi sai in sanyayar ta lalace sosai. Amma a watan Afrilu, a ɗakin da zafinsa ya haura digiri 40, kes ɗin da ƙurar hunturu ta toshe yana iya kaiwa can, kuma akwatin wuta da RAM su ma zafin yana rage musu juriya. Ka buɗe murfin gefe ka saita fankar ɗaki a kanta. Idan ta daina mutuwa, ka san inda za ka dosa. Wajen hure ƙura ka riƙe fankoki da yatsa kada su yi ta juyawa. Man firosesa kuma gwargwadon ƙwayar wake ya isa, bayan an goge tsohon tas.

Akwatin wuta da katin hoto

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: akwatin wuta mai rauni yana aiki lafiya a kan burauza, sai an ɗora masa nauyi halinsa ke fitowa. Ka raba gwajin da manhajojin ɗora nauyi: OCCT, ko Prime95 da FurMark. Firosesa kaɗai minti 30, katin hoto kaɗai minti 30, sannan duka biyun tare. Idan kowanne ya wuce shi kaɗai amma haɗuwarsu ta kashe kwamfutar ɗif, zafi kuma bai kai iyaka ba, akwatin wuta ne.

Ka duba takardar da ke jikinsa, layin +12V. Ka ninka amfiya da 12, shi ne ainihin ƙarfinsa. Akwatin da aka rubuta wa 650W amma layin 12V ɗinsa 30A ne, wat 360 kawai zai ba firosesa da kati. Irin waɗannan marasa nauyi a hannu, masu zuwa kyauta tare da kes, ba a ɗora musu katin hoto. RX 580 tana cin wat 185, RTX 3060 tana cin 170, RTX 3080 kuma 320, kuma Nvidia ta ba da shawarar akwati mai 750W saboda ita. Manyan katuna suna fizgar wuta ninki na ɗan ƙanƙanin lokaci, abin da ke sa kariyar akwatin ta yanke wuta ko da lissafin wat ya nuna akwai rara. Idan kati yana da ramin wuta biyu, ka ba kowanne wayarsa daga akwatin maimakon waya ɗaya mai rassa biyu. Mai sabon baki 16 kuma, 12VHPWR, a tura shi har ƙarshe ba tare da ragowar tsaga ba, kada a lanƙwasa wayar dab da bakin, domin rashin shiga sosai yana narkar da shi.

Da mita a kan DC, ka gwada wani bakin Molex, wato bakin waya mai rami huɗu daga akwatin wuta, da ba a amfani da shi yayin da gwajin nauyi ke gudana: baƙar sanda a baƙar waya, jar sanda a rawaya. Ya kamata ka ga tsakanin 11.4 da 12.6V. Jar waya kuma tsakanin 4.75 da 5.25V. Mita ba ta kama faɗuwar da ta zo ta wuce cikin ƙiftawa, saboda haka kyakkyawan karatu ba ya wanke akwatin. Dabarar da ta fi ita ce ka rage wa katin iyakar wuta zuwa kashi 70 da MSI Afterburner. Idan mutuwar ta tsaya, ka ari akwati mai ƙarfi tare da wayoyinsa ka tabbatar. Kada ka buɗe cikin akwatin wuta: babban kafasitansa yana riƙe kusan 400V ko bayan an cire shi daga bango.

Idan hoto ne ke ɗaukewa amma sauti na ci gaba, katin ne ko direbansa. Ka cire shi ka sake dasawa, ka tallafe shi idan nauyi ya rinjayar da shi. Wanda ya tsayar da katinsa da wayar ƙari ta PCIe 3.0 alhali katin da madabod na 4.0 ne, ya saita gurbin a Gen 3 a BIOS.

Firosesa da faifai

Firosesa ba ta cika lalacewa ba, sai dai akwai sanannen lamari guda. Manyan firosesar Intel na tebur ƙarni na 13 da 14, irin su i9-13900K da i7-14700K, sun riƙa neman wuta fiye da kima har suna lalacewa a hankali. Alamarsa gem da ke rufewa da kansu, da kuskure wajen kwance fayil, da shuɗin allo da ke ƙaruwa wata bayan wata. Intel ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, 0x129 a Agustan 2024, sai 0x12B a Satumbar shekarar, ta kuma ƙara shekara biyu a garantinsu. Sabunta BIOS yana hana lalacewar ci gaba, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu, ita sai dai a nemi canji.

A ɓangaren Ryzen, mutuwar da ke zuwa lokacin da kwamfuta ke zaune ba aiki, tare da WHEA 18, galibi daga rage wuta ne da saitin Curve Optimizer na BIOS. A mayar da shi sifili. A wasu madabod na AM4, sauya Power Supply Idle Control zuwa Typical Current Idle yana magance ta.

Faifai kuma ka duba shi da CrystalDiskInfo. Alamar Caution, ko CRITICAL_PROCESS_DIED da KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR, ko shuɗin allo da ya tsaya a kashi 0 bai ajiye fayil ba, ko faifan ya ɓace daga BIOS bayan mutuwa sai an kashe wuta gaba ɗaya ya dawo, duk suna nuni gare shi. Ka kwafe muhimman fayilolinka kafin wani gwaji, ka canza wayar SATA, ka sake dasa faifan M.2 da ke jikin madabod, ka cire ledar da ke kan robar sanyayarsa, ka duba ko kamfaninsa ya fitar da sabuwar famwaya, wato manhajar cikin faifan.

Idan sabunta BIOS ya zama dole, ka kashe XMP tukuna, ka ɗora kwamfutar a kan UPS ko inbata mai cikakken caji, kuma ka yi shi daga cikin BIOS da filash, ba daga Windows mai mutuwa ba. Bayan ta zauna, ka mayar da kayan da ka cire ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka ba shi yini guda na aikin da a da yake kashe ta, XMP ya zama na ƙarshe, kuma ka sake gudanar da MemTest86 bayan ka kunna shi.